Romon Kunne: Raddi Ga Masu Tallar Na'urar Kiɗa Mai Ninkin Lambobi

Gabatarwa

Hausawa sun ce gani ya kori ji. To amma akwai fagen da wannan karin magana ba ta da hurumi a cikinsa, wato fagen kiɗa da waƙa, inda ji yake sarauta, kunne kuma yake alƙalanci. Abin mamaki shi ne, a 'yan shekarun nan an sami waɗansu 'yan kasuwa a Amurka da Japan da Koriya ta Kudu da Sin, waɗanda suka ƙwace shari'a daga hannun kunne suka danƙa wa ido. Sai su nuna wa mutum lambobi a jikin kwali, su ce da shi 24 ta fi 16, kuma 192,000 ta fi 44,100, saboda haka 'yar na'urar da suke talla ta fi wayar da ke aljihunsa fitar da sauti nesa ba kusa ba. Mutum ya zaro kuɗi ya biya, ya koma gida ya saƙala hedifon a kunne, ya lumshe ido, ya ce bai taɓa jin kiɗa ba sai yau.

Manufar wannan maƙala ita ce ta yi jayayya da wannan da'awa, ta bi diddigin abin da masu irin wannan na'ura suka ce sun ji, ta kuma nuna cewa daɗin da suka ji gaskiya ne, amma dalilin da aka ba su ƙarya ne. Maganar kuwa ta shafe mu, mu ɗalibai da malaman adabi, domin waƙar baka ita ce rabin abin da muke nazari, kuma duk wanda ya yarda aka ruɗe shi a kan yadda ake taskace murya, to za a ruɗe shi a kan abin da ya kamata ya ceto daga cikin muryoyin magabatansa.

Daga Walkman Zuwa Pono

A shekarar 1979 kamfanin Sony ya fito da Walkman, 'yar rakodar kaset wadda mutum zai rataya ya kama hanya. A 1982 Sony da Philips suka kawo faifan CD, wanda ya mayar da sauti lambobi. Daga nan sai masanan cibiyar Fraunhofer ta Jamus suka jagoranci ƙirƙiro MP3, wata dabara ta matse waƙa ta hanyar zubar da sassan sautin da ake ganin kunne ba zai lura da rashinsu ba, har fayil ya koma wajen kashi ɗaya cikin 11 na girmansa a faifai. A 2001 Apple ya fito da iPod, waƙa dubu ta shiga aljihu ɗaya.

Babu mai musun cewa matsewar farko ta yi wa kiɗa illa. Duk wanda ya saurari fayil ɗin da aka matse ƙwarai ya san yadda ƙarar ƙarafuna take komawa kamar ana soya gyaɗa a cikin ruwa. A kan wannan koke ne wata sabuwar kasuwa ta kafu. A 2012 kamfanin iriver na Koriya ta Kudu ya fito da Astell&Kern AK100, kamfanin FiiO na Sin ya biyo baya da nasa masu rangwame, Sony kuma ya farfaɗo da sunan Walkman a cikin sabuwar riga. Amma wadda ta fi kowace tashe da surutu ita ce PonoPlayer, ta shahararren mawaƙin nan haifaffen Kanada, Neil Young.

A watan Maris na 2014 Young ya nemi gudummawar jama'a a dandalin Kickstarter, yana neman dala 800,000. Kafin a rufe karɓa, mutum sama da 18,000 sun zuba masa fiye da dala miliyan 6. An yi wani fim na talla inda aka riƙa shigar da manyan mawaƙa irin su Elton John da Sting da Norah Jones cikin motarsa, a kunna musu kiɗa, su fito suna ta yabo. A farkon 2015 na'urar ta shiga kasuwa a kan dala 399, tana da kusurwa uku, kuma kundin waƙoƙi ɗaya a kantinta na intanet yakan kai daga wajen dala 15 zuwa 25. Kalmar "pono" ta harshen mutanen Hawai ce, tana nufin abin da yake daidai, na gaskiya. To bari mu auna gaskiyar.

Abin Da Lambobin Suke Nufi

Sauti girgizar iska ce. Kunnen yaro mai ƙoshin lafiya yana kama girgiza daga sau 20 zuwa wajen sau 20,000 a cikin daƙiƙa ɗaya, kuma wannan iyaka ta sama tana ta raguwa yayin da shekaru suke turawa, ta yadda mai shekara 40 da wuya ya ji abin da ya haura 16,000. Idan za a mayar da sauti lambobi, sai na'ura ta riƙa auna girgizar sau da yawa a kowace daƙiƙa. Harry Nyquist a 1928, da Claude Shannon a ƙarshen shekarun 1940, sun tabbatar ta hanyar lissafi cewa muddin yawan awon ya haura ninki biyu na girgiza mafi tsini da ke cikin sautin, to za a iya mayar da sautin yadda yake ba tare da an rasa kome ba. Wannan shi ya sa faifan CD yake awo sau 44,100 a daƙiƙa, wanda ya isa ya ɗauki girgiza har zuwa 22,050, wato ya riga ya zarce iyakar kunnen ɗan Adam.

To me awo sau 192,000 ya ƙara? Ya ƙara sautin da ke tsakanin 22,050 da 96,000, yankin da jemage da kare suke da rabo a cikinsa, mutum kuwa ba shi da shi. Mai sayen irin wannan fayil yana biyan kuɗin abincin da ba zai shiga bakinsa ba. Bugu da ƙari, injiniya Christopher Montgomery na gidauniyar Xiph.Org ya yi bayani tun a 2012 cewa wannan sauti da ba a ji yana iya yin ɓarna, domin idan ya bi ta cikin amfilifaya ko lasifikar da ba a gina ta dominsa ba, sai ya haifar da wani gurɓataccen amo a yankin da kunne yake ji.

Ita kuwa lamba 16 da 24, tana nuna tazarar da ke tsakanin sauti mafi sanyi da mafi ƙarfi da fayil zai iya ɗauka. Bit 16 na faifan CD yana ba da tazarar desibel 96. Ɗaki mai shiru ƙwarai yana da amon kansa na wajen desibel 30. Idan ka ɗaga murya ta yadda za ka ji sauti mafi sanyi a saman amon ɗakin, to mafi ƙarfin zai haura desibel 120, inda kunne yake fara ciwo. Ashe ke nan 16 ta riga ta ƙure abin da mai sauraro zai iya jurewa. Bit 24 yana da amfani a sitidiyo, inda ake haɗa muryoyi da kayan kiɗa barkatai ana ƙarawa ana ragewa, kamar yadda tela yake barin rarar yadi kafin ya gama ɗinki. Amma idan riga ta kammala, ba a bin mai ita da ƙyallayen da aka yanke a ce ya saya. Ga shi kuma minti ɗaya na irin wannan fayil, idan ba a matse shi ba, yana cin wajen megabayit 69, alhali na CD bai wuce 10 da 'yan kai ba.

Da Aka Rufe Ido

Mai gardama zai ce lissafi daban, kunne daban. Madalla, sai a tambayi kunnen, amma da sharaɗin a rufe ido. A 2007 E. Brad Meyer da David Moran suka buga sakamakon wani gwaji a mujallar ƙungiyar injiniyoyin sauti ta duniya. Sun riƙa kunna wa mutane faifai mai manyan lambobi, wani lokaci kai tsaye, wani lokaci kuma bayan an rage shi zuwa matsayin CD, ba tare da mai sauraro ya san wanne ne wanne ba. A cikin gwaji 554, an canka daidai sau 276, wato kashi 49.8 cikin ɗari. Wanda ya jefa kwabo sama zai sami haka. An soki wannan gwaji da cewa waɗansu faya-fayen da aka yi amfani da su ba su cika sharaɗin manyan lambobi ba tun daga tushe, kuma sukar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai ita kanta tana tona wani asiri: ana sayar wa mutane faifai da tambarin da abin cikinsa bai kai ba.

A 2016 Joshua Reiss na Jami'ar Queen Mary ta Landan ya tattara bincike 18 masu ɗauke da gwaji sama da 12,000, ya gano cewa masu sauraro sun canka daidai a wajen kashi 52 cikin ɗari, waɗanda aka horar musamman kuma sun kai wajen kashi 60. Masu talla sun yi ta murna da wannan sakamako. To amma mai karatu ya tsaya ya yi tunani. An ce maka bambancin kamar na dare da rana ne, sai ga shi ƙwararren da aka horar, a ɗaki mai shiru, da kayan aiki masu tsada, yana kuskure sau 4 a cikin 10. Wanda yake kasa bambance dare da rana sau 4 a cikin 10, ai ba dare da rana aka nuna masa ba.

Ita kanta Pono ba ta tsira ba. A farkon 2015 ɗan jarida David Pogue ya tara mutum 15 ya sa suka saurari waƙoƙi iri ɗaya daga Pono da kuma daga wayar iPhone, ba su san wacce ke kunne ba. Sau da yawa wayar suka zaɓa. Mutum 15 ba su isa a yanke hukunci da su ba, amma sun isa su rusa da'awar cewa kowa zai ji bambancin nan take.

Mai Ɗaki Da Yoyonsa

A nan ne masu na'urar suke tasowa da hujjarsu mafi ƙarfi, su ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma su suka saurara, su suka ji. Ba na ƙaryata su. Da yawansu sun yaba da taushin sautin Pono da cikarsa, sun ce sun koma suna zama su saurari kundi daga farko har ƙarshe, abin da suka daɗe da dainawa. Na yarda duk wannan ya faru. Abin da nake musu shi ne dalilin.

Da farko, kayan cikin na'urar masu kyau ne. Kamfanin Ayre Acoustics na Amurka ne ya tsara sashen da ke mayar da lambobi sauti ya kuma ƙarfafa shi, kuma amfilifaya mai kyau tana iya tuƙa babban hedifon da waya za ta gaza. Wannan fa'ida ce ta gaske, amma za a same ta ko da fayil na matsayin CD aka sa. Na biyu, wanda ya sayi na'urar dala 399 ba ya haɗa ta da abin kunne na ɗari biyar. Yakan sayi hedifon mai daraja, shi kuwa hedifon shi ne ke da kaso mafi tsoka a cikin abin da kunne yake ji. Na uku, sananne ne a wajen injiniyoyin sauti cewa idan aka kunna abu biyu, ɗaya ya ɗara ɗaya ƙarfi da ɗan abin da bai kai desibel ɗaya ba, sai mai sauraro ya ce mai ƙarfin ya fi tsabta, ba tare da ya gane ƙarfi ne kawai ya bambanta su ba.

Na huɗu, wanda ya fi sauran muhimmanci, shi ne uwar faifan da aka kwafo waƙar daga gare ta. Tun daga shekarun 1990 kamfanonin waƙa suka shiga gasar ƙara, kowa yana danne sautin faifansa domin ya fi na wani amo a rediyo, har sanyi da ƙarfi suka zama ɗaya. A 2008 masoyan ƙungiyar Metallica suka yi ca a kan kundinta mai suna Death Magnetic, bayan sun gano cewa waƙoƙin da aka sa a cikin wasan kwamfuta na Guitar Hero sun fi na faifan da suka saya daɗin ji, saboda ba a danne su haka ba. To sau da yawa fayil mai manyan lambobi daga wata uwar faifai ta daban ake ɗauko shi, wadda aka gyara da natsuwa. Mai saye ya ji daɗi ya gode wa lambobi, alhali aikin injiniya ne. Shi kuma mai zagin CD ya bar jaki yana dukan taiki.

Na biyar shi ne zuciya. So hana ganin laifi. Wanda ya zuba kuɗi, ya jira watanni, ya buɗe kwali da hannunsa, ya kashe waya, ya zauna shiru ya tattara hankalinsa a kan waƙa, lalle zai ji abin da bai taɓa ji ba, domin a karo na farko ya saurara. Abin da ya saya ke nan, natsuwa, ita kuwa ba a sayar da ita a kanti.

Su ma masu na'urar ba su ɓoye ƙorafinsu ba. Kusurwa ukun ta hana ta zama lafiya a aljihu, batirinta bai wuce wajen awa 8 ba, 'yar fuskarta ƙarama ce mai wuyar sarrafawa, kuma galibin waƙoƙin da ke kantinta a matsayin CD suke, wato abin nan da aka ce musu an zo a cece su daga gare shi. A watan Yuli na 2016 kantin ya rufe, bayan kamfanin Omnifone na Ingila da ke riƙe masa rumbun waƙoƙi ya durƙushe, bai kuma sake buɗewa ba. A 2017 Young ya sanar da ƙarshen tafiyar, yana ɗora laifi a kan tsadar da kamfanonin waƙa suka ƙaƙaba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ko da mai haƙa shi da kyakkyawar niyya ya fara, ni kuwa ban taɓa shakkar niyyar Young ba.

Kasuwar dai ba ta mutu da Pono ba. A 2015 Sony ya sayar da katin ajiya na gigabayit 64 a kan wajen dala 160 da sunan wai ya fi sauran katuna fitar da sauti, a 2016 kuma ya fito da Walkman na jan ƙarfe mai rufin zinariya a kan wajen dala 3,200. A 2021 Apple ya fara bai wa masu biyan kuɗin Apple Music waƙoƙi marasa matsewa ba tare da ƙarin ko sisi ba, ya kuma bayyana da kansa cewa abin kunnensa mara waya ba ya iya ɗaukar su yadda suke. Wanda duk ya saƙala irin wannan abin kunne yana yabon manyan lambobi, to abin da bai iso kunnensa ba yake yabo.

Inda Lambobin Suke Da Rana

Ya kai ɗalibin adabi, ga inda maganar ta iso ƙofar gidanka. Waƙoƙin Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da na Musa Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya Jos da takwarorinsu, yawancin abin da ke yawo a wayoyinmu daga kaset aka kwafo shi, kaset ɗin ma kwafin kwafi ne, sannan aka matse shi aka tura daga kati zuwa kati a rumfar masu tura waƙoƙi. Ka sa irin wannan fayil a na'urar zinariya, ba za ta dawo maka da amon kalangun da ya zube a hanya ba. Abin da rakoda ba ta kama ba, ko kwafi ya cinye, babu lambar da za ta haife shi.

Wurin da manyan lambobi suke da rana shi ne ɗakin adana kayan tarihi. Ƙungiyar ma'adanan sauti da hotuna ta duniya, IASA, ta ba da shawarar cewa idan za a kwafe tsohon tef, kada a yi ƙasa da bit 24 da awo sau 48,000, kuma ma'adanai da dama 96,000 suke amfani da shi. Dalili kuwa shi ne tef yana lalacewa, mai yiwuwa kwafi ɗaya za a samu a yi kafin ya mutu, kuma ana bukatar rarar da masu gyara na gobe za su yi aiki da ita. A 2019 wannan ƙungiya da UNESCO suka yi gargaɗi cewa injinan kunna tef da kayan gyaransu suna ƙarewa a duniya. A wannan shekarar ce kuma jaridar New York Times ta fallasa irin ɗimbin uwayen faifai da suka ƙone a gobarar rumbun Universal ta 2008 a Amurka. Idan gemun masu kuɗi da injiniyoyi ya kama wuta haka, me muke jira da namu? Gidajen rediyo irin na Tarayya da ke Kaduna sun shafe shekaru suna ɗaukar makaɗan fada da na jama'a, ɗaliban jami'o'inmu kuma sun cika kaset bayan kaset da hirarraki da waƙoƙi domin kundayen digirinsu. Kuɗin Walkman ɗaya na zinariya zai sayi injin kaset mai kyau, da na'urar mayar da sauti lambobi, da rumbun ajiya, a ceto ɗaruruwan irin waɗannan kaset.

Kammalawa

Ba na hana kowa sayen abin da ransa yake so. Wanda yake da babban hedifon, ko wayarsa ba ta da ramin jona shi, kamar yadda Apple ya cire nasa tun 2016, ko yake son sauraro ba tare da kira da saƙo sun katse shi ba, na'urar kiɗa ta daban za ta amfane shi, kuma mai rangwame ta isa. Abin da nake ƙi shi ne a ce masa lambobi ne suke waƙar. In yana da kuɗi kaɗan, ya fara da hedifon mai kyau, sannan ya nemi kwafin da ya fi kusa da uwar faifai. Kafin ya biya, ya sa abokinsa ya riƙa sauya masa na'ura biyu a bayansa, murya daidai wa daida, sau 10, ya ƙirga sau nawa ya canka. Ya kuma tausaya wa kunnen kansa, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan ɗaya suna cikin haɗarin rasa ji saboda sauraro da ƙarfi, kuma ta sa iyakar desibel 80 na awa 40 a mako ga babban mutum. Na'ura in ta lalace a sayi wata, kunne kuwa ba shi da kanti.

Mu kuma da ke sassan Hausa na jami'o'i, aikinmu yana cikin kwalayen kaset da ke ƙarƙashin teburanmu. A fito da su, a rubuta sunan mawaƙi da wuri da shekara, a kwafe su da mafi girman lambobin da za a iya samu, a ajiye a wuri fiye da ɗaya, tun injin da zai kunna su yana juyawa.